Baki Ɗaya Ko Baki Biyar: Wace Reza Ce Ta Dace Da Haɓarmu?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Yau shirinmu na musamman ya yada zango a Wasagu, ɗaya daga cikin masarautu biyar na ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, tare da Dabai da Danko da Fakai da Sakaba. Abin da ya kawo mu ɗan ƙarami ne, ko tsawon yatsa bai kai ba, amma kusan kowane magidanci ya taɓa ɗanɗana kaifinsa. Reza ke nan.

Ku zo mu leƙa kasuwa. Ga wanzami a gindin bishiya, ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira, yana wasa aska. Ga shagon samari can, kilifa tana ta kuka da wutar janareto ko ta sola. Ga kuma mai tireda ya rataye rezoji a jikin kwali, wata mai baki biyu, wata mai baki uku. Saurayi ya tsaya yana lissafi a ransa: tunda baki uku ya fi biyu, ai biyar ma zai fi uku. To, anya kuwa?

[Ɗan kiɗa]

Bari mu koma baya kaɗan. Wani Ba'amurke mai suna King Gillette ne ya yaɗa rezar da ake amfani da ita a yar. A 1903, shekarar da ya fara ciniki, mariƙi 51 da reza 168 kacal ya sayar. Baki ɗaya ake aski da shi har 1971, lokacin da kamfaninsa ya fito da Trac II mai baki biyu. Daga nan aka shiga tsere. Mach3 mai baki uku ta zo a 1998, kamfanin Schick ya mayar da martani da Quattro mai huɗu a 2003, Gillette ya sake ɗagawa da Fusion mai biyar a 2006. Dorco na Koriya ta Kudu ma har bakwai ya jera.

Me ya sa ake tara bakin? Ga sirrin. Baki na farko yana kama gashi ya ɗan janyo shi waje. Kafin gashin ya koma mazauninsa, na biyu ya yanke shi. Na uku ya ƙara yankewa. Idan aka gama, guntun gashin sai ya nutse ƙasa da fata. Shi ya sa kake shafa haɓa ka ji ta sumul kamar tafin hannu.

A nan ne kuma gizo ke saƙar. Gashin mafi yawanmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi ƙasa da fata, bakinsa ya yi tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fatar daga ciki. Bayan kwana biyu ko uku sai kuraje su feso a wuya da ƙeya, ga ƙaiƙayi, wani lokaci har da ruwa, daga baya su bar baƙin tabo. Likitocin fata sun daɗe da sanin cewa wannan matsala ta fi damun baƙar fata. Don haka ne wani baƙar fatar Amurka, Tristan Walker, ya fito da rezar Bevel mai baki ɗaya tak. Shi kansa kamfanin Gillette a 2018 ya fito da SkinGuard, mai baki biyu da aka tsara don kada su ja gashin. Kun ga ashe an zaga an dawo kusa da askar wanzami, wadda ke yanke gashi daidai saman fata.

[Ɗan kiɗa]

Sai batun ruwa. Reza mai baki biyar an yi ta ne don mai famfo, wanda zai tara ta ruwa ya wanke gashin da ya maƙale. Bakunan a matse suke, nan da nan suke cushewa. A Indiya kamfanin Gillette ya koyi wannan darasi, da ya ga mazajen karkara da ɗan ruwa a kofi suke aski, kuma ba kullum ba. Sai ya yi musu Guard a 2010: baki ɗaya, mai sauƙin ɗaurayewa, mai araha. Mutumin Wasagu ko Ribah ko Bena da ke aski a ƙofar ɗaki da ruwan buta, halinsa ya fi kusa da na waɗancan mazajen karkara.

To ga awon a taƙaice. Mai baki ɗaya ta fi araha, ta fi sauƙin wankewa, ta fi raga wa mai kuraje, amma tana son hannu mai natsuwa. Mai baki biyu ko uku, musamman wadda kanta ke lanƙwasawa ya bi haɓa, ita ce tsaka-tsaki ga wanda fatarsa ba ta da saurin fushi. Mai baki biyar ta fi kowa sulɓi, ta fi kowa tsada, kuma in ka sayi mariƙin ka ɗaure kanka, don kan rezar wani kamfani ba ya shiga mariƙin wani. Wanda kuraje suka riga suka kama, gara ya huta da reza, ya rage gashin da kilifa.

Kowace ka zaɓa, jiƙa gashin da ruwan ɗumi tukuna, ka sa kumfa, ko na sabulun salo ne. Bi gashin ta inda ya kwanta, kada ka danna, kada ka yi ta maimaita wuri ɗaya. In ka gama, ɗauraye rezar ka shanya ta, don danshi ke kawo tsatsa. Da hunturu kuwa, ɗan man kaɗanya ya wadatar.

Akwai abu guda da ya fi yawan baki muhimmanci: kowa da rezarsa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a wajen jiki, a ɗigon jinin da ido ba ya gani. Ko askin suna za a yi wa jariri, ko ƙwal-kwabo kake so, ka tabbata sabuwar reza aka ɓare a gabanka, ko an tsabtace aska da kilifa sosai. Wannan ba raini ba ne ga sarkin aska, kariya ce gare ku duka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Masu saurare, aski ya zo gaban goshi. Gobe in ka tsaya gaban mai tireda, kafin ka ƙirga bakin reza, shafa wuyanka ka ji abin da askin makon jiya ya bar maka. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]