Darr: Yadda 'Yan Kallo Suka Koma Bayan Mugu

A watan Disambar 1993 aka saki fim ɗin Darr na darakta Yash Chopra a Indiya. Labarin Rahul ne, saurayin da son Kiran ya zame masa ciwo. Yana bin sawunta, yana damun ta da waya, har ya sa wuƙa ya zana sunanta a ƙirjinsa, ita kuwa ba ta ma san wanda ke bibiyarta ba. Juhi Chawla ce Kiran, Sunny Deol ne Sunil, sojan ruwan da take so, Shah Rukh Khan kuma shi ne Rahul. A ƙa'ida Sunil ne jarumi, Rahul ne bos. Amma da aka tashi daga silima, in'inar Rahul wajen kiran sunan Kiran matasa suka riƙa kwaikwayo, aka manta da wanda ya cece ta.

Dalilin farko yana cikin ginin labarin. Rahul kaɗai aka buɗe mana cikinsa. Mun gan shi yana hira a waya da mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, mun ga kaɗaicinsa, sai tausayi ya riga tsoro shiga zuciya. Kiran kuwa ba a ba ta komai ba sai firgita da kuka. Na biyu waƙa ce: an ɗora wa haukan nasa kiɗa mai daɗi, kuma abin da aka rera da daɗi da wuya kunne ya ɗauke shi laifi. Na uku, finafinan Indiya sun daɗe suna koya wa mai kallo cewa in budurwa ta ce a'a, naci ne maganinta. Rahul ya kai wannan darasi ƙarshensa ne kawai.

Masu sharhi na lokacin sun yaba, musamman wasan Shah Rukh, fim ɗin ma ya samu lambar yabo ta ƙasa. A 1993 ɗin Shah Rukh ya yi Baazigar, a 1994 ya yi Anjaam, duk a matsayin mugu, daga nan tauraronsa ya haska. Sunny Deol kuwa ya fusata da yadda aka dusashe rawarsa, bai sake aiki da Yash Chopra ba. Furodusoshi suka gane cewa masoyi mai taɓin hankali haja ce mai tafiya. Tere Naam ya biyo a 2003, Raanjhanaa a 2013, Kabir Singh a 2019. Bambancin shi ne a Darr mai bibiyar mugu ne, kuma Sunil ya kashe shi a ƙarshe. A waɗanda suka biyo baya shi ne jarumin da ake so a yi wa kuka.

Nan ne hanyar masu sharhi da ta 'yan kallo ta rabu. Bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a Delhi a Disambar 2012, Indiya ta gyara dokarta a 2013, bibiyar mace ta zama laifi a ƙarƙashin sashe na 354D. Idon marubuta ya buɗe, suka caccaki Kabir Singh, amma jama'a suka cika silima har ya shiga sahun finafinan da suka fi kawo kuɗi a shekarar.

Ba adalci ba ne a ce fim ke sa mutum ya addabi mace. Masu wannan hali sun riga silima zuwa duniya. Abin da fim ke yi shi ne ba wa halin suna mai kyau, ya kira shi soyayya, har yarinyar da ake takura wa ta rasa bakin kai ƙara. Wannan ya shafe mu, domin finafinan Indiya sun daɗe a gidajenmu, yanzu ma da fassarar Hausa. Duk mai kallon Darr tare da ƙannensa ko 'ya'yansa ya kamata ya tsaya ya tambaye su: a duk tsawon fim ɗin, sau nawa aka nemi jin abin da Kiran take so?