Ƙarin Da Ya So Ya Raba Auren Yayata

Yau ba labarin littafi na kawo muku ba, abin da ya faru ne a cikin gidanmu.

Saura wata biyu bikin Yayata, lefe ma ya iso, ta fara kukan ciwon ciki. Da aka yi mata hoton ciki a asibiti, sai aka ce an ga ƙari a hantarta. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati, wai shi ke nan, ciwon daji ne. Kafin magariba magana ta kai gidan su ango, har gwaggonsa na cewa su ba za su auro jinya ba.

Washegari na raka Yaya, likita ta zaunar da mu. Ta ce sunan ƙarin hemanjiyoma, jijiyoyin jini ne suka cure wuri guda a hanta. Ba daji ba ne, ba ya rikiɗewa ya zama daji, kuma ba a ɗaukarsa. Ya fi samun mata, musamman 'yan shekara 30 zuwa 50. Yawancinsa bai kai santimita 5 ba, mutum kan tsufa da shi bai sani ba. Na Yaya santimita 3 ne, ciwon da ke damunta kuwa ashe olsa ce.

Na ce, "Likita, an ce yana fashewa fa?"

Ta ce, "Da wuya ƙwarai, ƙanwata. Wanda ake jin tsoro shi ne babba, musamman idan aka bugu a ciki ko aka yi hatsari. In mai shi ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga jiri ga gumi, to jini ne ke zuba a ciki. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a ruga asibiti."

Ta ƙara da cewa juna biyu da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa kan sa shi girma, don haka Yaya ta riƙa gaya wa masu awo. Haihuwa dai babu abin da zai hana ta.

Ango da kansa ya zo ya karɓi takardar, ya kai wa gwaggo. An sha biki, yanzu haka Yaya na goyon 'yarta.

Don Allah 'yan'uwa, in kun ji an ce ƙari, ku tambayi likita wane iri ne kafin a fara koke-koke. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.