Minti Goma Kafin a Buɗe Shago

Ya ku 'yan kasuwa da iyayen gida, ku dubi yadda yininmu yake wucewa a Briqueterie. Tela ya duƙa a kan keken ɗinki tun hantsi har bayan isha'i. Mai atamfa yana zaune bisa benci yana jiran ciniki. Mai tsire yana tsaye a bakin wuta har tsakar dare, uwar gida kuwa ta sunkuya a kan wanki da murhu. Kowa yana komawa gida a gajiye, amma gajiya daban, motsa jiki daban. Gaɓar da ta yini a wuri guda sandarewa take yi. Shi ya sa, a zagayen da nake yi gida-gida, kukan da na fi ji shi ne ciwon baya, riƙewar wuya da nauyin gwiwa. Jiki magayi.

Daga ina wannan motsi ya fito?

Akwai wani jerin motsi guda 12 da ake yi da safe, wanda ya fito daga Indiya, cikin tsarin motsa jiki da ake kira yoga. Sunansa a can Surya Namaskar, ma'ana gaisuwar rana. Wanda ya yaɗa shi shi ne Bhawanrao Pant Pratinidhi, sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh, wanda ya sa aka riƙa koyar da shi a makarantun ƙasarsa. A 1938 aka buga littafinsa a kan wannan motsi a Landan, daga nan ya bazu zuwa Turai da Amurka. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

Ba za mu ɓoye muku ba: sunan yana da tushe a addinin Hindu, inda wasu ke fuskantar rana suna haɗa tafin hannu suna karanta addu'o'insu. Wannan ba namu ba ne, ba kuma shi muke kawo muku ba. Abin da ke da amfani ga lafiya shi ne miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi, kuma ana yinsa a cikin ɗaki, ta kowace fuska. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ko ya riƙe tafiya da sauri, ita ma magani ce.

Me yake yi wa jiki?

Yana saki naman baya da na bayan cinya da dogon zama ya ɗaure. Yana ƙarfafa hannu, kafaɗa da ciki, ciki mai ƙarfi kuwa shi ke tallafe ƙashin baya. In aka maimaita shi da ɗan hanzari, zuciya tana ƙara bugu, jini ya zagaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, domin rage haɗarin hawan jini, ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Minti 10 kullum ya ba ku 70. Ragowar ku cike da ƙafa: maimakon tare tasi ko babur zuwa kasuwar Mokolo, ku taka. Tuddan Yawunde kaɗai sun isa malami.

Yadda ake yi

Bayan sallar asuba, kafin karin kumallo, ku shimfiɗa tabarma, cikin tufa mai sauƙi.

1. Ku miƙe tsaye, ku ɗaga hannu biyu sama kuna shaƙar iska.
2. Ku sunkuya kuna fitar da iskar, gwiwa a ɗan lanƙwashe, har hannu ya kai inda zai iya.
3. Ku dafa ƙasa, ku mai da ƙafar dama baya, sannan ta hagu, jiki ya miƙe kamar katako.
4. Ku sauke gwiwa da ƙirji, sannan ku ɗaga ƙirji a hankali, ƙugu yana ƙasa.
5. Ku ɗaga ƙugu sama, hannu da ƙafa a ƙasa, kamar jinkar ɗaki.
6. Ku dawo da ƙafa gaba ɗaya bayan ɗaya, ku tashi a hankali, hannu sama, sannan ku sauke.

Wannan shi ne jerin a taƙaice. Ku fara da zagaye 2, ku riƙa ƙara ɗaya duk mako. Kada ku riƙe numfashi. Jin naman jiki yana miƙewa daidai ne, amma zafi mai suka alamar tsayawa ce.

Wa ya kamata ya dakata?

Mai juna biyu, mai gwaiwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, mai yawan jiri, da wanda ciwon bayansa ke sauka ƙafa: duk su ga ma'aikacin lafiya tukuna. Haka ma wanda awon jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, domin sunkuyar da kai ƙasa na iya cutar da shi. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa ba a jin komai sai ya kayar da mutum. Ku je a auna ku. Wanda aka ɗora wa magani kada ya ajiye shi don ya fara motsa jiki, tare suke aiki. Ku kuma rage gishiri da dunƙulen magi a miya da yajin tsire.

Ɗan kasuwa ya san jarin da aka ci ba a mayar ba ƙarewa yake. Bayan da ke ɗaukar dilar kaya da gwiwar da ke kai ku masallaci su ne jarin farko, kuma rana ɗaya a kwance ta fi minti goma tsada. Gobe da safe, kafin ku ɗauki makullin shago, ku shimfiɗa tabarma, ku tashi yara su yi tare da ku. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.