Kik Ɗin Mota: A Gyara Ko A Sayi Wani?

Duk wanda ya taɓa murɗa makulli da safe ya ji ƙas-ƙas maimakon tashin inji, ya san gardamar da ke biyo baya. Riwaya zai ce a kwance kik a gyara, abokin shawara kuma ya ce a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo ɗan Beljiyam a huta. Ni dai ina bayan riwaya, amma da sharaɗi.

Sunan ma abin lura ne ga irinmu masu nazarin harshe. Daga babur aka aro "kik", inda ake taka ƙarfe da ƙafa, alhali na mota da lantarki yake aiki tun 1912 da Charles Kettering ya sanya shi a Cadillac. Shi kuwa bendis, ɗan haƙorin da ke cafkar inji ya juya shi, sunan mutum ne, Vincent Bendix.

Sharaɗin shi ne a fara auna batir. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, kuma kik na jan wuta mai yawa a cikin 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka tsatsa a kan batir ko sakin wayar da ke haɗe da jikin mota ya isa ya sa a ɗora wa kik laifin da bai aikata ba. Idan an tabbatar matsalar tasa ce, galibi burushi ne ya cinye, ko bushin, ko tagullar da ke haɗa wuta, dukkansu ƙananan kaya da ake sauyawa cikin yini guda. Ɗan Beljiyam kuwa tsohon kaya ne da babu wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki a Turai, ga shi farashinsa ya bi dala tun da darajar naira ta zube a 2023. Mutum ya bar tsohon da ya san ciwonsa, ya saye wanda bai sani ba!

Inda nake rabuwa da riwaya shi ne idan naɗin wayar ciki ya ƙone, ko maganaɗisun ya tsage. Naɗin hannu ba kasafai yake daɗewa ba, kuma tsagewar sau da yawa aikin direbobi ne masu ƙwanƙwasa kik da sifana don ya tashi. Nan kam a sayi wani, a kuma sa mai shago ya gwada shi da batir a gabanka kafin ka biya.