KUREGE A BAYAN GARI: YAUSHE AKE KASHEWA, YAUSHE AKE ƘYALEWA?

Da zarar ruwan shuka ya sauka a kudancin jahohin Maraɗi da Damagaram, akwai wani mai bin sawun manomi ba tare da an gayyace shi ba. Manomi ya jefa irin gyaɗa ya take da diddige, kurege kuma ya biyo baya da hantsi, yana tonewa rami bayan rami. Sai bayan kwana goma, in mai gona ya zo duba tsiro, zai tarar da giɓi a tsakiyar layi, ga iri ya yi tsada, ga lokacin shuka yana ƙurewa. Duk wanda wannan ta taɓa samu ba ya neman a yi masa bayanin dalilin da ya sa ake farautar kurege.

Ƴar dabbar nan mai farin zane a kowane gefen haƙarƙari da buzuzun wutsiya ba kasafai nauyinta yake wuce kilo guda ba. Da rana take yawo, a rami take kwana, kuma cimarta ta haɗa da ƙwaya, saiwoyi, ƴaƴan itatuwa da ƙwari. Tana da ɗabi'ar binne abin da ta samu a wurare daban-daban domin gaba, abin da ya sa tatsuniyoyinmu suka ba ta matsayin mai wayo. Macen tana haihuwar ƴaƴa biyu zuwa shida a cikin rami, ba su gani, ba su iya komai sai shan nono.

Batun ya shafi masu karatun wannan shafi fiye da yadda suke zato. Ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da yawa suna da gona ko garka a bayan gari, wani a bakin Gulbin Maraɗi, wani a Mirriya, wani a Ƙonni. Ba su ne ke riƙe da sanda ba, amma su ne ke ba da umarni. In mai gadin garka ya kawo kukan ɓarna, amsar da aka saba ji ita ce: «Ka gama mini da su.» Daga wannan magana guda ake samun tarko, ake samun karnuka, ake kuma samun guba da wuta, waɗanda su ne abin tsoro.

Ta fuskar doka, ƙasarmu ta hana farauta a 1974, cikin tsananin fari, sannan doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta zo ta tsara sha'anin farauta da kare namun daji, ta kuma ware dabbobin da ba a yarda a kashe su ba ko kaɗan, irin su raƙumin dawa da jimina. Inda aka tsaya tsayin daka an ga amfanin abin. Raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, amma kafin 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas a wannan shekara aka kai gandun dajin Gadabeji. Sai dai kurege ba raƙumin dawa ba ne. Babu mai ƙidaya shi, babu baƙon da zai biya kuɗi don ya gan shi, kuma ma'aikacin gandun daji ba zai tsare kowace gonar gyaɗa ba. Hukuncinsa yana hannun mai gona da yaran unguwa.

Mutanen da ba su bar wannan hukunci haka sakaka ba. Mahalba suna da sarkinsu, suna da lokacinsu. Bikin buɗin daji da aka san Masalata da shi, kusa da Birnin Ƙonni, sunansa kaɗai ya isa shaida cewa a wurin magabata daji yana da ranar buɗewa, don haka yana da lokacin da yake rufe. Malamai ma sun yi magana: a Risala, wadda kowane almajiri ya sani, an bambanta farautar da ake yi don bukata da wadda ake yi don wasa, aka halatta ta farko aka karhanta ta biyu. Haka nan addini ya hana azabtar da dabba da wuta, ya hana mai da abu mai rai wurin gwajin harbi.

In aka auna da wannan ma'auni, akwai kisan da babu mai zargin kowa a kansa. Kuregen da ya kafa rami a gefen gona lokacin shuka, ko ya addabi gyaɗar da aka cire aka shanya, an kama shi an yanka an ci, wannan kare dukiya ne kuma nama ne ga gidan da ba kullum yake ganin mahauci ba. Wanda bai taɓa sake shuka sau biyu a damina guda ba kada ya yi saurin kiran manomi mara tausayi.

Amma akwai wanda ya kamata a saki ko da ya shiga hannu. Macen da nonuwanta suka cika tana da ƴaƴa a rami. Kashe ta kashe biyar ko shida ne, kuma ragowar za su mutu ne a hankali da yunwa, babu wanda ya ci namansu. Ƙaramin da bai kai tafin hannu ba, me za a samu a jikinsa in an babbake? Sannan akwai farautar rani, lokacin da gonaki suke fayau babu abin ɓarna, yara suka fita da karnuka da danƙo tun safe. A irin wannan fita ba a zaɓe. Abin da kare ya tayar shi ne nama: kurege, zomo, bushiya, damo, har ƙwan zabon daji da aka tarar a gindin sabara. Bushiya kuwa galibi ƙwari take ci.

Mafi muni shi ne guba. Wasu sukan ɗebi garin maganin da ake cuɗa iri da shi, ko maganin ɓera na kasuwa, su zuba a cikin gyaɗa su ajiye a bakin rami. Guba ba ta san kurege ba. Kazar maƙwabci za ta tsattsaga, zabi za su tsattsaga, shirwa ko shaho ya ɗauki mushen ya bi bayansa, kuma waɗannan tsuntsaye su ne suke rage ɓeraye da kuregun kansu kyauta. Mai garka ya kashe masu yi masa gadi da kuɗinsa. Wanda ya fi ban tsoro, yaro yana iya tsintar kuregen da ya ci guba yana tangaɗi, ya ɗauka sa'a ya yi, ya gasa.

Wuta ita ce ta biyu. Ana cusa ciyawa a bakin rami a kunna domin hayaƙi ya fito da dabba, iskar hunturu kuma ta ɗauki tartsatsi. Saboda naman da bai cika kwano ba, sai a ƙone karan gero da harawa da ciyawar da makiyaya suke dogara da ita har faɗuwar ruwa. Mai sayen ciyawa a watan Mayu ya san farashin wannan wasa.

Ga mai garka da yake son maganin ɓarna, hanyoyin ba boyayyu ba ne. A kewaye wurin renon iri da waya mai ƙananan ƙofofi, a binne gindinta cikin ƙasa domin kurege mai tono ne. A sa ido sosai a kwanakin farko bayan shuka, kafin iri ya tsiro, da kuma lokacin shanya, domin nan ɓarnar take da yawa. In za a ɗana tarko, a ɗana shi a bakin ramin da aka tabbatar, a duba shi safe da yamma kada dabba ta yini tana shan wuya, a kuma kwashe shi ranar da aka kai amfanin gona rumbu. Wannan umarni ya fi «ka gama mini da su» tsawo, amma mai gadi zai iya riƙe shi, musamman in maigida ya daina ba shi kuɗin sayen guba.