Abin da ya kamata ku sani kafin ku yarda rumbun bayanai "ya fi sauri"

Duk wanda ya danna *346# don ya ga lambarsa ta NIN, ko ya tsaya gaban mai POS a Rurum Tsohon Gari yana jira kuɗi su fito, tambaya ce ya aika wa wani rumbun bayanai. Haka ma jami'in lafiya da ke shigar da rahoton wata na asibitocin Rano ko Kibiya a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro, Najeriya kuma take tattara bayanan lafiya da ita. Rumbun yana laluben amsa cikin miliyoyin layuka, ya dawo da ita. Masu sayar da irin waɗannan manhajoji kowa cewa yake tasa ta fi sauri. To, a wane gwaji, kuma wa ya yi shi?

Wannan gardama ta daɗe. A 1983 David DeWitt da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka wallafa gwajin da ya kwatanta rumbuna daban-daban. Sakamakon bai yi wa kamfanin Oracle daɗi ba, har ya sa sharaɗi a lasisinsa cewa ba a wallafa irin wannan gwaji sai da izininsa. A 1988 kamfanoni suka kafa majalisar TPC don a daina awo kowa da nasa ma'auni. Gwajinta na TPC-H yana da tambayoyi 22 da aka ƙayyade, kuma duk mai son wallafa sakamako sai ya bayyana na'urar da ya yi amfani da ita da kuɗinta, sannan mai bincike daga waje ya tantance. Duk da haka, a Nuwamba 2021 kamfanonin Databricks da Snowflake sun yi cacar baki a bainar jama'a, kowanne na cewa ɗan'uwansa bai yi gwajin bisa adalci ba.

Tushen adalcin abu ne da duk mai awon hatsi a kasuwa ya sani: tiya ɗaya ake aunawa da ita, cikawa iri ɗaya. Na'ura ta zama ɗaya, bayanai iri ɗaya, tambayoyi iri ɗaya. Inda aka fi yin coge shi ne wajen saiti. Mutum zai kwana yana gyara rumbun da ya ƙware a kai, ya yi masa fihirisar da ke kai shi ga layin da ake nema kai tsaye, na abokin hamayya kuwa ya bar shi yadda ya fito daga kwali. Wannan gwanintar mai saitin aka auna.

Akwai kuma batun karon farko. Idan aka yi tambaya da fari, rumbun sai ya ɗauko bayanan daga faifai. Idan aka maimaita, sau da yawa amsar na nan a ƙwaƙwalwar na'ura, sai ta fito nan take. Mai son ruɗin mutane zai nuna maka karo na biyar na rumbunsa kusa da karon farko na ɗaya rumbun. Dole a faɗi wanne aka auna, a kuma maimaita sau da dama, domin awo guda ba ya zama hujja.

Sai a yi hattara da matsakaicin lokaci. A ce an yi tambaya 100, 99 suka dawo cikin daƙiƙa ɗaya-ɗaya, guda ta ci minti guda. Matsakaici bai kai daƙiƙa biyu ba, a takarda abin gwanin sha'awa. Amma wannan gudar ita ce matar da ke tsaye da goyo tana jiran katin asibiti. Shi ya sa masu gwajin kirki suke faɗin tsawon jiran waɗanda suka fi daɗewa. Kuma rumbun da ke tashi kamar walƙiya da layi dubu da mutum ɗaya a kansa, yana iya durƙushewa ranar da JAMB ta saki sakamako kowa ya danna a lokaci guda. Abin mamaki, wasu har mantawa suke su duba ko amsar ma daidai ce. Saurin kawo amsar kuskure ba shi da wani amfani.

Ga mu mazauna karkara, akwai abin da ya fi waɗannan duka. Jiran da ake yi a Rurum sau da yawa na hanya ne: sabis ya yi ƙasa, saƙon ya daɗe kafin ya isa, ya daɗe kafin ya dawo. A raba lokacin da tambaya ta ɓata a intanet da wanda ta ɓata a cikin rumbu, in ba haka ba za a sayi sabuwar manhaja mai tsada alhali ciwon na wurin eriya.

Saboda haka, shugaban makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, idan ɗan kwangila ya zo maka da zane mai launi yana cewa manhajarsa ta ninka ta kowa sauri sau goma, ka ce ya kawo ta ofishinka. A loda mata bayanai masu yawan naka, a cire sunayen mutane tukuna, a yi mata tambayoyin da ma'aikatanka ke yi kullum, a lokacin da aiki ya fi cunkoso, da sabis ɗin garinku. Idan ya ƙi, kada ka sa hannu.