Nero, ImgBurn ko CDBurnerXP: Wace Manhaja Ce Ba Ta Ɓata Faifai?

Yawancin sabbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin saka faifai, amma har yanzu ana neman CD da DVD: rediyon tsohuwar mota marar Bluetooth, bidiyon biki da za a kai wa kaka, hotunan da suka cika waya. Matsalar ita ce abin da aka rubuta a faifan CD-R ba ya gogewa. Idan manhaja ta yi tuntuɓe a tsakiyar aiki, faifan ya tafi ke nan.

Nero Burning ROM, wadda wani kamfanin Jamus ya fitar a 1997, ita ce aka fi sani. Tana da inganci, sai dai ta kuɗi ce, kuma kwafin sata da ake yawo da shi a intanet kan zo da manhajojin ɓarna.

Wajen tabbaci kuwa, da wuya a kada ImgBurn. Kyauta ce, tana nuna duk abin da ke faruwa layi-layi yayin aiki, kuma ta ƙware a fayilolin ISO, irin waɗanda ake girka Windows ko Linux da su. Amma tun 2013 ba a sabunta ta ba, kuma fuskarta na iya rikita sabon shiga. Haɗa faifan waƙoƙi ma sai an fara ƙirƙirar fayil ɗin CUE, wahalar da ba kowa zai jure ba.

CDBurnerXP ta fi dacewa da mai son gamawa da wuri. Da an buɗe ta, za ta tambaya: faifan fayiloli, na sauti, ko na ISO? Kada sunan XP ya ruɗi kowa, tana aiki a Windows 10.

Windows ita ma tana wannan aiki da kanta, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Idan aka saka sabon faifai, takan ba da zaɓi biyu. Na farko, "Like a USB flash drive", yakan haifar da faifan da rediyon mota ko na'urar DVD za su ƙi karantawa. Na biyu, "With a CD/DVD player", shi ne daidai.

Sau da yawa ma laifin ba na manhajar ba ne. Tsofaffin rediyoyin mota ba sa gane MP3, sai faifan sauti na asali, wanda minti 80 kawai yake ɗauka, duk da cewa faifan na cin 700MB na fayiloli. Rage gudun rubutu, misali zuwa 16x maimakon 48x, yakan rage kurakurai a faifai mai araha. A kuma danna "Verify" domin manhajar ta sake karanta faifan, ta gwada shi da ainihin fayilolin kafin a goge su daga waya.

Wanda ke amfani da kwamfutar tebur, ya tabbatar da akwai UPS, domin idan aka ɗauke wuta ana cikin rubutu, ko Nero ba za ta ceci faifan ba.